ROMON TUKUNYA DA ROMON BAKA

   

Yau dai na ajiye alƙalamin labarin soyayya. Babu Alhaji mai Marsandi, babu budurwa mai dara-daran idanu, kicin za mu shiga, don haka kowa ta ɗaura zaninta da kyau. Kun san Bahaushe romo iri biyu ya sani. Akwai romon baka, wanda ba sai na yi muku dogon bayani ba, duk wadda ta taɓa fita zance ta sha shi har ta ƙoshi, su "ke ce hasken zuciyata", su "in ba ke ba sai rijiya". Shi wannan ba ya cin itace bare gawayi, kuma ba ya kai mutum azahar. Sai kuma romon tukunya, wanda sai an zauna an yi haƙuri da wuta kafin a same shi, kuma a kansa ne kowace miya ta gidan Bahaushe take tsaye.

Magana ɗaya nake so ku riƙe daga wannan rubutu nawa, ita ce daɗin miya daga ruwanta yake farawa. In ruwan miya ya yi, ganyen kuɗi kaɗan ya ishe ki ki ciyar da gida a yi santi. In kuwa ruwan bai yi ba, wallahi ko rabin rago kika zuba asarar rago kika yi. Abin da ya sa na ga ya dace in yi maganar shi ne yadda nake gani a gidajen biki da gidajen ƙawaye. Yarinya ta iya haɗa shinkafa kala uku, ta iya yanka salak kamar a otal, amma a ce ta kaɗa kukar mutum shida sai ido ya raina fata. Ta ɗanɗana ta ji salam, ta ɓare magi ta jefa, ta sake ɗanɗanawa ta sake jefawa, har ta kai guda goma, ƙarshe a sauke abin da ba gishiri ba ne kuma ba miya ba.

Ni a Yakasai na tashi, cikin ƙwaryar birni, a irin babban gidan nan mai soro uku da tsakar gida ɗaya, wanda in an ɗora tukunyar dare sai an lissafa baki fiye da ashirin. Kakata ta wajen uba, wadda duk gidan muke kira Inna, ita ce mai faɗa a ji a kan tukunya, ko da kuwa ba ranar girkinta ba ce, don ita ta daɗe da ajiye muciya. Tana zaune a kan 'yar kujerarta a bakin ɗaki da carbinta, hancinta kawai ya ishe ta. Sai ka ji ta ce, "Wace ce a kan wutar nan? A rage mata itace, ana dukan naman nan ne ba dafa shi ake ba." Ni kuma da wasan jika da kaka ba ta kirana sai kishiya. "Ke kishiya, zo ki ga yadda ake yi, kada ki je gidan wani ki ja mini zagi." Tun ina ganin abin kamar takura har na gane makaranta ce aka sa ni ba tare da an karɓi kuɗin rajista ba.

SHEKARAR DA TUMATIR YA YI YAJI

Ban san darajar karatun Inna ba sosai sai a shekarar 2016, ina aji huɗu na sakandare. Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna. Wata tsutsa ce, wadda masana ke kira Tuta absoluta, manomanmu kuma suka laƙaba mata suna sharon, ta faɗa wa gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. A Kadawa da Kura, inda ruwan madatsar Tiga da aka gama a 1974 ya mayar da noman rani sana'a, gona guda sai ta ƙone cikin 'yan kwanaki kamar an bi ta da wuta. Jihar Kaduna har dokar ta-ɓaci ta kafa a kan tumatir a watan Mayu na shekarar, kamfanin markaɗa tumatir da aka buɗe a Kadawa ya tsayar da aiki don babu abin markaɗawa, ga azumi ya kawo kai a watan Yuni. In an aike mu Kasuwar Rimi cefane sai mu ga 'yan ƙwayoyi huɗu ko biyar a kan faranti, an kasa su kamar gwal.

Gidaje da yawa a unguwarmu sun shiga wani hali, don akwai matan da in ka cire musu jar miya to ka cire musu hannu. A gidanmu kuwa Inna dariya ta yi ta ce, "Yo da can da tumatir aka haife mu?" Ta sa aka sauko da tulunan ajiyarta. Yau kuka, gobe busasshiyar kuɓewa, jibi karkashi, gata zogale da gyaɗa. Muka yi wata da watanni tumatir bai shiga tukunyarmu ba sai jefi-jefi, kuma babu wanda ya tashi daga gaban kwano da saura. Har maƙwabta suna aiko yara da 'yar tasa, a ce a sam musu miyar Inna.

Daga baya da na yi karance-karance sai na tarar ashe maganarta tana da tushe. Tarihi ya nuna Kasuwar Kurmi an kafa ta ne a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. To a wancan zamani babu tumatir a Kurmi, babu tattasai, babu attaruhu, kai har gyaɗa babu. Duk waɗannan 'yan asalin nahiyar Amurka ne, kuma ba su tsallako teku ba sai bayan 1492. Shi kansa zogale daga Indiya ya zo mana, kanumfari kuma fataken Larabawa suka kawo shi, sunansa ma daga bakinsu muka ara. Abin da yake namu na gado shi ne kuka da kuɓewa da karkashi da yakuwa, da daddawa da kimba da citta mai ƙwaya. Kenan kakannin kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna cin tuwo da miya mai daɗi ba tare da jan abu ko ɗaya ba. Da me suka yi? Da ruwan miya.

YADDA AKE FITAR DA ROMO

Farko dai ki san abin da za ki saya. 'Yan mata da yawa in sun je gaban mahauci tsoka zalla suke nunawa, alhali tsoka ta ci ce, ba ta romo ba. Romo yana wajen ƙashi mai ɓargo, da haƙarƙari, da wuya, da jela, da ƙafa, wato duk inda jijiya da guringuntsi suka yi yawa. Su ne in sun daɗe a wuta suke narkewa su shiga cikin ruwa su ba shi jiki, shi ya sa za ki ga romon ƙafar sa in ya huce yana daskarewa. Dalilin kenan da ya sa tun zamanin iyaye ƙauri ake dafa wa mai jego. Kuma abin daɗin, waɗannan sun fi tsoka araha, ko a wajen mahautan Rimi ko a Abbatuwa ta wajen Ƙofar Mazugal. Ki ce ya sassara miki ƙashin, don ɓargon ya samu hanyar fita.

Ga gida mai mutum shida, ƙashi da ɗan nama kamar rabin kilo ya isa. Ki wanke shi tas, ki zuba a tukunya, ki zuba ruwan sanyi kamar lita uku. Ki lura da kyau, ruwan sanyi na ce. In ruwa da nama suka yi zafi tare a hankali, dattin jini yana tattaruwa ya taso sama wuri ɗaya a matsayin kumfa mai duhu, sai ki sa ludayi ki kwashe ta ki zubar. Wannan kumfar ce in aka bar ta take dagula romo ta ba shi ƙarni. Sai bayan kin kwashe ta sannan ki yanka albasa babba guda ɗaya ki zuba, da dakakkiyar citta da tafarnuwa da masoro, kanumfari ƙwaya uku ko huɗu, kimba guda ɗaya kin ɗan fasa ta. Kada ki cika hannu da kimba da kanumfari, in sun yi yawa ɗaci suke kawowa, miya ta koma kamar jiƙon magani.

Daga nan sai babban aikin, wato ki janye itace, ko ki rage gas ɗin, ko ki ɗebe garwashi daga kurfoti. So ake ruwan ya riƙa motsi a hankali, ƙwayar tafasa tana tasowa ɗai-ɗai, ban da ɓararraka. Wuta mai ƙarfi tana ƙone ruwa kafin ƙashi ya ba da abin da ke cikinsa, tana kuma dama kitse da ruwa romo ya yi fari ya yi nauyi a baki. Ki rufe tukunyar ki ɗan bar mata kafa. Ƙashin sa yana son awa biyu zuwa uku, na rago ko akuya awa ɗaya da rabi, kaza kamar awa ɗaya, busasshen kifi kuwa minti ashirin zuwa talatin ya gama ba da nasa. Ba a banza Bahaushe ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa ba. Kuma ai ba tsayawa za ki yi a kanta ba, kina iya yin shararki da wankinki, 'yar makaranta ma ta yi bitar karatunta.

Gishiri ɗan kaɗan za ki sa da farko, sauran sai miya ta kusa sauka. Dalili kuwa, lita ukun nan za ta ƙone ta koma biyu, amma gishirin da kika zuba ba ya ƙonewa, yana nan yana jiranki. Abin da ya yi daidai a farko shi ne zai yi yawa a ƙarshe. Sannan ki nemi gishiri mai sinadarin aidin, wanda doka ta wajabta sa wa gishirin sayarwa a Nijeriya tun 1993 don maganin maƙoƙo, ki ajiye shi a mazubi mai murfi nesa da murhu.

IN BABU NAMA FA?

Na san wata za ta ce, "Anti, kina ta maganar ƙashi, mu da sai mu yi sati ba mu ga mahauci ba." Gaskiyarki, ƙanwata. An ce tuwon girma miyarsa nama, to amma ba kullum ake tuwon girma ba, kuma a nan ne ake gane wadda ta iya. Romon da ba nama ga yadda Inna take yinsa: ta daka daddawa da albasa da ɗan barkono da citta su yi laushi, ta zuba a ruwa tun yana sanyi, ta jefa gabu ko lawashi, in akwai kan busasshen kifi ko ɗan gutsurensa ta wanke da ruwan zafi ta sa, ta bar shi ya yi minti talatin zuwa arba'in a kan wuta mai sanyi. In kuka za a kaɗa sai ta ƙara da wake cikin tafin hannu, a surfa shi a cire bawon, ya dahu har ya narke a cikin ruwan. Wanda bai ga lokacin da aka ɗora ba sai ya rantse akwai nama a ciki.

Sirrin yana wajen daddawa, wadda wasu 'yan gayu suke toshe wa hanci. Kalwa ce, wato 'ya'yan ɗorawa, ake dafawa tsawon sa'o'i, a cire bawo, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu zuwa uku ta ruɓa irin ruɓar da ake so, sannan a daka a shanya. A cikin wannan rufewar ne take samar da wani sinadari da ake kira gulutamet, wanda shi ne yake sa harshe ya ji kamar an sa nama. Wani malamin kimiyya na Jami'ar Tokyo a ƙasar Japan mai suna Kikunae Ikeda shi ya gano a 1908 cewa wannan sinadarin ne yake ba da wannan ɗanɗanon, kuma a cikin romon wani ganyen teku da mutanensu suke dafawa ya same shi. Daga bincikensa aka fara yin abin da muke kira farin magi. A wannan shekarar dai ta 1908 kamfanin Julius Maggi, mutumin Suwizalan, ya fito da dunƙulen da sunansa ya bi bakinmu har muke kiran kowane iri magi. Kun ga kenan abin da ake naɗo mana a takarda mai ƙyalli, iyayenmu sun daɗe da sarrafa irinsa a cikin kwando da ganye.

Ni ba na hana kowa sa magi, ni ma ina sawa. Abin da nake so ki sani shi ne kusan rabin kowane dunƙule gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram biyar na gishiri a yini, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, a duk abin da zai ci daga safe zuwa dare. To ki lissafa dunƙule goma, ga gishirin da kika barbaɗa, ga yajin da za a ci da shi. Gidan da akwai tsoho mai hawan jini wannan ba ƙaramar magana ba ce. In romonki ya yi, kuma kin sa daddawa, dunƙule biyu sun ishi tukunyar mutum shida.

JAJJAGE DA KANWA

Miyar da take son jajjage, kamar taushe da miyar alayyahu, ki soya tumatir da tattasai da attaruhu da albasa a mai, wuta madaidaiciya, kina juyawa har ruwansu ya tsotse, mai ya taso sama, tsamin ya mutu. Sai a lokacin za ki tsai da sanwa, kuma da romonki za ki tsayar, kada ki ɗebo ruwan randa ki kashe aikin da kika yi. Lokacin sanyi da tumatir yake araha a 'Yankaba, mai dabara takan saya da yawa ta yanka ta shanya, don da damina tsada yake yi ko babu sharon. Busasshen in an jiƙa shi an markaɗa, a wajen ɗanɗano har ya fi ɗanye ƙarfi.

Kanwa kuma a yi hattara da ita. Aikinta ta kashe tsami, ta sa wake da ganye su yi saurin laushi, ta ƙara wa kuɓewa da karkashi yauƙi. Amma in ta yi yawa tana kashe wasu sinadaran gina jiki da ke cikin ganyen, ta baƙanta miya, ta sa mata ɗanɗanon sabulu. Ki jiƙa 'yar ƙarama kamar ƙwayar wake, ki tsiyaye ruwan saman kawai. Kuma ku gaya wa yayyenku masu jego, ita ma kanwa dangin gishiri ce. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da alaƙa tsakanin yawan shan kunun kanwa da wankan jego mai tsananin zafi da ciwon zuciyar da yake kama mata bayan haihuwa.

KOWANE GANYE DA LOKACINSA

Kafin komai wanki. Wasu lambunan da ke kewayen birni da ruwan Jakara ake ba su sha, kuma duk wadda ta taɓa bi ta bayan Kurmi ta san abin da Jakara take ɗauke da shi. Ki tsinke ganyenki, ki zuba a babbar roba da ruwa mai yawa da ɗan gishiri, ki girgiza, sannan ki tsamo ganyen da hannu zuwa wani mazubi, ƙasar ta zauna a ƙasan robar. In kika tsiyaye ruwan ta kansa, ƙasar da kika wanke ita za ta koma. Ki yi haka sau uku. Kuma a wanke kafin a yanka, don in kika yanka sannan kika wanke, amfanin ganyen ne yake bin ruwa zuwa kwata.

Taushe: ki fere kabewa ki yanka manya-manya, ki jefa a romo tun da wuri ta dahu, ki farfasa ta da bayan ludayi, ita ce kaurin miyar. Ki zuba soyayyen jajjage, ki dama markaɗaɗɗiyar gyaɗa ki zuba, ki bari ta dahu har gafinta ya fita mai ya fara tasowa. Sai yakuwa 'yar kaɗan don ɗan tsami. Alayyahu da lawashi su ne na ƙarshe, minti biyar ya ishe su, ki sauke suna kore shar. Alayyahun da ya koma ruwan ƙasa a tukunya ya riga ya mutu. Wannan miyar da waina ko sinasir ko funkaso ko tuwon shinkafa, sai wanda ya ci.

Kuka: ki tankaɗe ta tukuna. Ki tsame nama daga romo, ki rage wuta, ki riƙa barbaɗawa da hannu ɗaya kina kaɗawa da maburgi da ɗaya hannun, kaɗan-kaɗan don kada ta yi gudaji. Ki tsaya tun tana da ɗan ruwa-ruwa, don tana ƙara kauri in ta zauna. Ki bar ta minti biyar zuwa goma a buɗe ɗanyen ƙamshin ya fita, ki mayar da naman, a ci da man shanu.

Kuɓewa ɗanya da karkashi da lalo: su 'yan yauƙi ne, ba sa shiri da tsami, don haka tumatir ya yi nesa da su ko ya zama ɗan kaɗan. Ba sa son daɗewa a wuta, kuma ba a rufe su. Zogale kuwa shi mai taurin kai ne, ki cire tsinkayen tas, ki tafasa shi daban ya yi laushi, ki tsane, sannan ya shiga miyar gyaɗa.

Kada ku raina ganyen nan, ƙannena. 'Yan mata da yawa suna fama da jiri da kasala a aji saboda ƙarancin jini, ga al'ada duk wata. Alayyahu da zogale da kuka suna ɗauke da sinadarin ƙarfe da jini yake buƙata, kuma jiki ya fi ɗaukarsa in an haɗa da ɗan nama ko kifi, ko aka bi shi da lemo ko gwaba. Shayi kuwa a kan abinci yana tare shi, a bari sai an jima. Kabewa da koren ganye suna taimakon ido, amma sai da ɗan mai a miyar jiki yake iya cin moriyarsu.

Sai ajiya. Garin nan namu a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, wutar lantarki kuma kun san halinta. Romon da ya rage kada ki bar shi ya wuni a gefen murhu. In akwai firji mai sanyi ki juye a ƙananan robobi ya huce da wuri ki saka. In babu, ki tafasa shi sosai da dare, ki rufe, kada wanda ya sake sa cokali, da asuba ki sake tafasawa ya yi ɓararraka, a nan kam an yarda, kuma a cinye shi a ranar. In kin ji ya canza wari ko ya yi kumfa shi kaɗai, ki zubar, kada ki ji tausayin kuɗinki. Kuɗin asibiti ya fi shi.

ABIN DA YA SA NA DAMU

Akwai wata ƙawata da muka gama sakandare tare, aka yi mata aure da wani yaron shago a Kantin Kwari. Shekarar farko lafiya lau, ga gara, ga kaji. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kaya suka tashi, kuɗin cefanen da yake ba ta bai ragu ba, amma abin da suke sayowa ya koma rabi. Ita kuwa jar miya da soyayyen nama kaɗai ta iya. Ran nan sai ga ta a gidanmu da jan ido, wai uwar mijin ta ɗanɗana miyarta a gaban facaloli ta ce, "Wannan ruwan wanke-wanken fa?" Ta ce da ni, "Wallahi ƙawata ba laifina ba ne, abin da ya ba ni ko tumatir bai isa ba."

Inna tana jin mu daga ɗaki. Ta ce, "Ke 'yar nan, share hawayenki. Nawa ya ba ki yau?" Ta faɗa. Inna ta kira yaro ta ce ya je Rimi ya sayo ƙashi da daddawa da albasa da kuka, har da canji ya dawo. Ta zaunar da ita a gaban murhu tun bayan azahar har la'asar sakaliya, ba ta bari ta taɓa komai ba sai rage wuta da kwashe kumfa. Da aka sauke ta ɗanɗana, sai ta yi shiru, can ta ce, "Inna, ashe haka abin yake?" Sati uku tana zuwa duk Asabar. Yanzu maƙwabtanta har roƙonta suke ta kaɗa musu miyar suna.

Ba zan yi muku romon baka in ce miya tana riƙe aure ba. Mun ga gwanayen girki da aka saka, mun ga waɗanda ko ruwan zafi ba su iya ba suna zaune daram. Zaman aure yana hannun Allah, sannan yana wajen halin mutum biyu, kuma namijin da ba ya ba da cefane ba shi da bakin kushe miya. Ki koyi wannan don kanki. Ranar da hannu ya yi ƙasa, ko a gidan miji ko a gidan iyaye ko a ɗakin kwanan makaranta, ke ce za ki iya mayar da ɗan abin da ke akwai ya zama abinci, ki ci ki ƙoshi, ƙannenki ko 'ya'yanki su kwanta ba da yunwa ba, kuma babu wadda za ta sa ki kuka a kan tukunya.

Don haka ga aikin gida na ba ku. Wannan Asabar ɗin kowace ta karɓi girkin dare daga hannun Umma. Ta ɗora ruwan miyarta tun da rana, ta rage wuta, ta ɗanɗana shi shi kaɗai kafin ganye ya shiga. In ya yi daɗin da za ki iya kurɓarsa a kofi, to miyarki ta riga ta yi. Wadda kuma Allah Ya bar mata kaka ko gwaggo a gida, ta ja kujera ta zauna kusa da ita tun tana da rai da lafiya, ta yi ta tambaya, don irin wannan karatu ba a sayar da shi a kantin littattafai.

Allah Ya ba 'yan makaranta sa'ar jarrabawa, Ya ba 'yan mata mazaje nagari masu cika kwandon cefane, Ya sa albarka a tukwanenmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku a kullum,
'Yar cikin Badala.